Takardar Da Ya Kamata Ta Bi Mara Lafiya

Zaman da mara lafiya ke yi gaban likita ba ya wuce 'yan mintoci. Ya faɗi abin da ke damunsa, a ɗaura masa abin awon jini a damtse, a dubi idonsa da harshensa, a rubuta magani, ya tashi na bayansa ya zauna. Kafin azahar likitan ya ga fuskoki da yawa, in kuwa aka tambaye shi bayan wata biyu abin da wane ya ce, ba zai iya kawowa ba. Abin da ke saura daga wannan zama shi ne abin da alƙalami ya kama. Tun fil azal tambaya biyu ce ke bin wannan rubutu: don wa ake yin sa, kuma a hannun wa zai kwana?

A farko dai don likita ake yin sa. Cikin rubuce-rubucen da ake jingina wa Hippocrates, likitan Girka na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai labarin marasa lafiya 42 da aka bi kwana-kwana: yau zazzaɓi, gobe gumi, launin fitsari kaza, barci ya ƙaurace, har ranar da mutum ya miƙe ko ya cika. Mutum 25 daga cikinsu mutuwa suka yi, marubucin kuma bai ɓoye ba. Amma ba don ya taimaki mai ciwon in ya dawo ya rubuta ba. So yake ya san hanyar da cuta ke bi, ya koyar da na baya.

Haka abin yake a hannun Abubakar Muhammad ɗan Zakariyya al-Razi, mutumin Rayyi kusa da Tehran ta yau, wanda ya shugabanci asibiti a garinsu da kuma Bagadaza, ya rasu wajen shekarar 925. A cikin Al-Hawi, babban kundin da almajiransa suka tattara daga takardunsa bayan rasuwarsa, akwai jerin labaran marasa lafiya 33, wasu da sunansu da sana'arsu, har da inda shi kansa ya yi ta laluben cutar kafin ya gane ta. Wani littafin, Kitab al-Tajarib, ya ƙunshi kusan 900 da almajirai suka rubuta suna zaune gefensa yana duba mutane. Ilimi ne mai yawa, sai dai a ɗakin karatu ya zauna.

Inda na ga an fara tunanin shi mai ciwon, a littattafan hisba ne. Al-Shaizari a ƙarni na 12, da Ibn al-Ukhuwwa na Masar wanda ya rasu a 1329, sun shimfiɗa ƙa'ida cewa in likita ya shiga wurin mara lafiya ya tambaye shi, ya rubuta maganin da ya ba shi, sannan ya bai wa danginsa kwafi a gaban shaidu. Gobe ya dawo ya sake dubawa, ya sake rubutawa, ya sake ba su, haka kullum har ƙarshe. In mutum ya warke, likita ya karɓi ladansa. In ya rasu, dangi su ɗauki takardun su kai wa babban likitan gari ya duba. In an bi ƙa'idar aiki ya ce ajali ne, in ya ga sakaci ya ce a bi likitan diyya. Shekara ɗari takwas da suka wuce an riga an fahimci cewa rubutun likita hujja ce, kuma iyalin mara lafiya suna da haƙƙin riƙe nasu. Yana ba ni mamaki yadda muke karanta waɗannan littattafai don awo da mudu a kasuwa, mu tsallake babin likitoci.

A Turai da Amurka, har ƙarshen ƙarni na 19, kowane likita da kundinsa. Yana rubuta waɗanda ya gani bi da bi gwargwadon zuwansu, kamar littafin cinikin ɗan tireda, wanda ke bin rana ba ya bin mai saye. Mutum ɗaya zai iya warwatsuwa a kundi huɗu na likitoci huɗu, in ya dawo bayan shekara sai an tuna watan da ya fara zuwa kafin a gano shafinsa.

Wanda ya kwance wannan ƙulli shi ne Henry Plummer, likita a asibitin 'yan'uwan Mayo da ke Rochester a jihar Minnesota. A 1907, shi da mataimakiyarsa Mabel Root suka kawo tsari mai sauƙin faɗa: kowane mara lafiya lamba ɗaya, fayil ɗaya, har iyakar ransa. Duk likitan da ya gan shi a ciki zai rubuta, sakamakon gwaji ciki zai shiga, bayanin tiyata ma haka, fayil ɗin kuma na asibiti ne, ba na likita ba. Plummer ya kai ga tsara gine-ginen asibitin da bututu da injinan da ke kai fayil daga ma'ajiya zuwa ɗakin da ake jiran sa. Ƙaramin katin nan mai lamba da muke sokewa a aljihu, mu miƙa ta taga a nemo mana fayil, jikan wannan tsari ne.

A Boston kuwa wani likitan tiyata, Ernest Codman, ya tayar da wata maganar da ta fi ɗaci. Ya ce bai isa a rubuta an yi wa mutum aiki an sallame shi ba, sai an bi shi aƙalla shekara guda an ga ko aikin ya yi amfani, in bai yi ba a rubuta dalili. Abokan aikinsa ba su so ba. Ya buɗe ƙaramin asibitinsa a 1911, ya buga sakamakon mutum 337 da aka sallama daga nan zuwa 1916, ya lissafa kurakurai 123 da hannunsa. Da ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka ta fara duba asibitoci a 1918, cikakken bayanin kowane mara lafiya yana cikin sharuɗɗanta, kuma cikin asibitoci 692 masu gado 100 ko fi, 89 kaɗai suka haye. Abin ya ba da kunya har aka ƙone jerin sunayen. Ingila ta bi wata hanyar: bayan dokar inshorar lafiya ta 1911 aka fito da ambulan na kwali ga kowane mai rajista, wanda ke bin sa duk lokacin da ya sauya likita.

Duk waɗannan tsare-tsare sun dogara ne ga ma'ajiya mai kyau da ma'aikata isassu. Mataki na gaba, wanda a ganina ya fi kowanne dacewa da talaka, a Najeriya aka taka shi. David Morley, likitan yara ɗan Ingila, ya zo asibitin Wesley Guild na Ilesha a 1956. Shi da malamar jinya Margaret Woodland suka bi yaran ƙauyen Imesi-Ile, cikin jihar Osun ta yau, wata bayan wata, suna auna nauyinsu suna rubuta cututtukansu. Daga wannan aiki aka sami asibitin 'yan ƙasa da shekara biyar, aka kuma sami katin nan da ya zaga duniya. Watanni a jere a ƙasa, farawa daga watan da aka haifi yaro, nauyi a gefe, kowane zuwa a ɗiga ɗigo a haɗa shi da na baya. Layi in yana hawa, lafiya lau. In ya kwanta, akwai magana. In ya sunkuya, to a tashi tsaye, domin tamowa ko wata cuta ta riga ta shigo tun ido bai gani ba. A kan wannan layi aka ga ƙarara yadda ƙyanda ke zabtare nauyin yaro, ta bar shi watanni bai murmure ba.

Babban abin shi ne inda katin ke kwana. Morley ya sa shi a leda ya miƙa wa uwa ta tafi da shi gida. Ma'aikata sun yi zaton za a ɓatar, ko a bar yara su yaga, sai aka ga iyaye mata suna tattalinsa fiye da yadda aka zata. Babu layin neman fayil, babu jiran mai mabuɗin ɗakin kati, in uwa ta je wankan jego garinsu katin yana cikin kayanta. Wadda ba ta yi boko ba ma tana gane layin da ke hawa da wanda ya sunkuya, don haka ta zama abokiyar aikin malamar asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta rungumi wannan tunani a shekarun 1970, kuma katin rigakafi da katin awon ciki da matanmu ke riƙewa a yau daga wannan tushe suka fito.

A can Amurka fayil ya yi ta kumbura har ya gagari karatu. A 1968 Lawrence Weed ya buga maƙalar da ta sauya yadda ake koyar da likitoci rubutu. Ya ce a sa jerin matsalolin mara lafiya a shafin farko, kowane zuwa kuma a rubuta abu huɗu a jere: abin da mutum ya faɗa, abin da likita ya gani ya auna, abin da ya fahimta, da abin da ya shirya yi. Ɗaliban likitanci a Zariya da Kano da Sakkwato har yau da wannan tsari suke tashi. Daga nan sai kwamfuta. Cibiyar Regenstrief a Indianapolis ta fara nata tsarin a 1972, amma abin bai game Amurka ba sai da wata doka ta 2009 ta zuba biliyoyin daloli. Kafin dokar, asibitin da ke da ko da matsakaicin tsarin kwamfuta bai kai ɗaya cikin goma ba. Cikin shekara goma kusan duka suka koma. An huta da rubutun da ba ya karantuwa, na'ura tana gargaɗi in magani biyu ba sa haɗuwa, tana tuna wa asibiti wanda bai dawo ba. Sai dai wani bincike da aka buga a 2016 ya gano cewa duk awa ɗaya da likita ya yi da marasa lafiya, yana yin kusan biyu a kan kwamfuta da aikin tebur. Asibitoci da yawa kuma na'urorinsu ba sa magana da juna.

Mu a nan, duka zamunnan suna zaune tare a gari guda. Mutum ya fara da kemis, inda ba a rubuta komai. Ya je ƙaramin asibitin unguwa a sa sunansa a babban rajista. Ciwo ya ƙi, ya je babban asibiti ya yanki kati. A tura shi asibitin koyarwa ya sake yankar wani. In ƙaramin katin ya ɓace, sau da yawa sabon fayil ake buɗewa, tsohon ya ci gaba da shan ƙura da duk abin da ke ciki. Ko an sa kwamfuta, mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a wani wurin, ranar haihuwa kuma ƙiyasi ce. Sai ka ji likita yana cewa, "Baba, wane magani aka ba ku a can?" dattijo ya amsa, "Wani fari ne ƙarami, likita, da wani mai ruwan ɗorawa." Daga nan a sake gwajin da aka riga aka biya, a sake hoton da aka riga aka ɗauka, wani lokaci a sake ba mutum maganin da ya taɓa kumbura masa jiki.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti a Najeriya ajiye bayanan marasa lafiya da kiyaye sirrinsu. Mun kuma ga cewa bin sawun mara lafiya ba gagara ya yi ba. Masu tarin fuka da masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki suna da rajista da ranar dawowa, in mutum bai zo karɓar magani ba a kira shi a waya ko a bi shi gida. An yi haka ne domin an sa kuɗi da ma'aikata, an kuma nemi a kawo lissafi. Mai hawan jini da mai ciwon suga, waɗanda su ma ciwonsu na tsawon rai ne, in suka daina zuwa yawanci babu mai cigiyarsu sai ranar da aka kawo su ranga-ranga.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun saba da karne, ɗan littafin da mara lafiya ke riƙewa ana rubuta masa kowane zuwa. Yana da nasa rauni. Ruwa na iya jiƙa shi, gara na iya ci, kuma abin da mace ta faɗa wa likita a asirce yana iya faɗawa hannun wanda bai kamata ya karanta ba, don haka ba komai ne za a rubuta a ciki ba. Duk da haka ina ganin kuskure ne mu zauna jiran ranar da kwamfutocin asibitocinmu za su haɗu, alhali wutar da za ta riƙe su ma ba ta tsaya ba. A ci gaba da gina wancan, amma a fara miƙa irin wannan littafi ga masu ciwon da ba ya rabuwa da su. Yaro mai sikila da ciwo ya tasar masa da tsakar dare, aka kai shi asibitin da ba nasa ba, likitan da ke bakin aiki yana buƙatar sanin rukunin jininsa, yawan jinin da ya saba zama da shi, sau nawa aka ƙara masa jini, da maganin da ba ya karɓar sa. Wannan duka bai cika shafi biyu ba, kuma babu dalilin da zai hana duk asibitin da ke duba masu sikila ya rubuta shi a ɗan littafi ya miƙa wa uwar yaron tun ranar da aka tabbatar da cutar.