Makarantun kuɗi a Kumbotso

Makarantun kuɗi su ne makarantu masu zaman kansu da iyaye ke biyan kuɗin karatu kowane zango. A ƙaramar hukumar Kumbotso ta jihar Kano, ana samun su a unguwanni kamar Na'ibawa, Panshekara da Mariri. Sun ƙara yaɗuwa a Najeriya bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da makarantun gwamnati suka taɓarɓare. Duk da ilimi kyauta kuma dole da gwamnatin Kano ta ƙaddamar a 2019, ma'aikata da 'yan kasuwa masu matsakaicin ƙarfi kan zaɓe su don gudun cunkoson aji, musamman masu haɗa boko da Islamiyya. Ƙarin kuɗin makaranta kan sa wasu iyaye mayar da yaransu makarantun gwamnati.