Daga Gidan Waya Zuwa Sabar Imel: Wa Ke Tace Wasiƙunmu?



Iyayenmu a Wudil sun san hanyar wasiƙa. A manna mata kan sarki, a kai gidan waya, ma'aikaci ya ware ta gari-gari, ta je ta jira mai ita a akwati mai lamba. Sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonni a madadin wata ma'aikata, ayyukan nan ta gada: karɓa, warewa da ajiya. Ko adireshin imel na jami'ar kimiyya da fasaha ta garin nan, wadda ta fara aiki a 2001, akwai sabar da ke bayansa, akwai kuma mai saita mata dokoki.

Da farko ba a tace komai. Ƙa'idar aika imel ta SMTP, wadda Jon Postel ya wallafa a 1982, a kan amana aka gina ta. Duk sunan da mai aikawa ya ce nasa ne, sabar za ta yarda. Alhali tun 1978 wani ɗan talla a Amurka, Gary Thuerk, ya watsa tallan kwamfuta ga mutum kusan 400 da ba su nema ba.

Abin ya zo kanmu ne lokacin da 'yan 419 suka bar takarda da fas suka koma imel. (Lambar ta sashen dokar laifuka ta Kudu ce, mu a Arewa da Final Kod muke aiki, amma sunan ƙasa ɗaya ne.) A 2001 manhajar SpamAssassin ta fito, tana ba kowane saƙo maki: alƙawarin miliyoyin daloli maki ne, rubutu da manyan baƙaƙe zalla maki ne. In jimla ta kai 5, a saitinta na asali, saƙon ya zama shara. Akwai lokacin da wasu dokokinta ke ɗauke da sunan Najeriya ƙarara, kafin a sauya musu suna. A ganinmu tacewa dole ce, amma wannan kuɗin goro ne, ya haɗa da ɗalibi mai neman gurbin karatu da marubuci mai neman edita.

Yanzu an fi duba shaidar mai aikawa. Mai kula da sabar yana saka SPF, jerin kwamfutocin da ya yarje wa aika saƙo da sunan ma'aikatarsa, da DKIM, wanda tamkar hatimin alƙali ne a kan takarda. Daga Fabrairun 2024 Gmail ta wajabta aƙalla ɗaya daga cikinsu. Ƙungiyar marubuta da ta buɗe adireshin kanta ba tare da su ba, gayyatarta na iya ƙarewa a kwandon shara.

Ajiya kuwa ta yi arha. Hotmail megabayit 2 take bayarwa lokacin da Gmail ta zo da gigabayit 1 a 2004. Sai dai kwandon shara ba ya cikin wannan yalwar: labarin da muka aika wa edita, ko amsarsa gare mu, in ya faɗa kwandon Gmail, bayan kwana 30 za a goge shi.