Baturiyar da ta yi fim a Arewa tun 1926



Yau zan ba ku labarin Hilda Cowley, 'yar wasa daga Ingila a zamanin fim mara murya. Lokacin hoto ne kawai ke motsi, magana kuwa rubuta ta ake yi a allo, kai ka karanta.

A 1926 aka fitar da Palaver, wanda Geoffrey Barkas ya ɗauka a ƙasar Angas da Sura, cikin Jihar Filato ta yanzu. Da yawa na lissafa shi a matsayin dogon fim na farko da aka yi a Najeriya. Hilda ce jarumar: ta fito a Jean Stuart, nas ɗin da Turawa biyu ke takara a kanta, Di'o da wani mai haƙar kuza. Mai kuzar ya riƙa ɗirka wa Sarki Dawiya giya yana zuga shi, har rikici ya ɓarke, Di'o ya zo ya kashe wutar.

To ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. 'Yan ƙasa ne suka cika fim ɗin, amma an nuna su a matsayin marasa wayewa, kuma duk abin da allo ya ce sun faɗa, Bature ne ya rubuta musu.

Daga Palaver zuwa Turmin Danya na Kano a 1990, shekara 64 ke nan. Yanzu kyamara na aljihun kowa. Wane labarin namu kuke so a fara ɗauka? Ina jiran ra'ayoyinku.