Daga Ƙullin Kaka Zuwa Kantar Kemis: Waiwaye a Kan Maganin Gida

Duk wanda ya tashi a gidan da akwai tsohuwa, ya san wata kwalla da ake turawa can ƙarƙashin gado. Ba a buɗe ta sai dare ya yi, jikin yaro ya ɗau zafi, uwa ta rasa inda za ta sa kanta. Sai kaka ta ce a ɗaga mata aci-balbal, ta jawo kwallar, ƙamshi ya cika ɗaki: jar kanwa a ƙulle cikin tsumma, ɗan guntun sassaƙen maɗaci, busasshiyar tazargade, citta da kanumfari, kwalbar zuma da ta yi baƙi saboda daɗewa. A gefe guda kuma ga ƙaramin gwangwanin man zafi da ƙwayoyin Cafenol guda uku a naɗe cikin takarda. Muna yara ba mu san cewa tarihin ƙarnoni ne kwance a cikin kwallar nan ba, kowane ƙulli da zamanin da ya kawo shi.

Mafarin abin daji ne da madafi. Kakanninmu sun karanta ciwo da harshen da suka sani: sanyi ya shiga jiki, zafi ya yi yawa, datti ya taru a ciki, majina ta kama ƙirji. Kowanne kuwa da abin da ake tarar sa da shi. Mura ta zo, a dafa citta da masoro da kimba, a matsa lemon tsami, a lulluɓe mutum da bargo ya yi sirace har gumi ya karyo. Ciki ya ɗaure, a jiƙa tsamiya, in ta faskara a kawo filasko. Gudawa ta kama yaro, ga bagaruwa da sabara. Tari kuwa marke, zazzaɓi da shawara rai-ɗore, kaushi da targaɗe man kaɗanya. Jariri tun bai yi arba'in ba an fara ɗura masa dauri. Aikin kuma a rabe yake: wanzami na da ƙaho da sakiya, maɗori na da karaya, ungozoma na da haihuwa, 'yar mai ganye na zagaya gidaje da ƙwaryarta. Amma ciwon yau da kullum, wanda bai kai a kira kowa ba, na tsohuwar gida ne. Ita ta san wanda cikinsa ba ya ɗaukar kanwa, ta san yaron da rabin ludayi ya ishe shi.

Ba daji kaɗai ya cika kwallar ba, fatake ma sun zuba nasu. Tun da aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, ayari ke sauke kanwa daga Borno da ƙasar Manga, gishiri daga Bilma, kayan ƙamshi daga hannun Larabawan Arewa. Tare da kayan kuma littattafan ɗibbu suka shigo, zuma da habbatus-sauda suka sami daraja ta musamman saboda ambaton da suka samu a hadisi. Malaman Daular Usmaniyya sun ɗauki lamarin da muhimmanci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, duk da nauyin daula da ke kansa, ya zauna ya yi rubutu a kan ciwon ido, da basir, da amfanin filasko. Wato tun kafin Bature ya iso, maganin gidanmu ya riga ya saba da karɓar baƙo ya mayar da shi ɗan gida.

A can Turai kuwa wata sana'a ce ke girma. A Ingila, mai haɗa magani kan nemi takardar izinin sarki wadda ke ba shi ikon sayar da haɗinsa shi kaɗai, ya sa masa suna, ya rufe a kwalba, ya yi ta talla. A 1698 wani likita, Nehemiah Grew, ya sami irin wannan takarda a kan gishirin Epsom mai wanke ciki. A 1851 William Woodward ya haɗa ruwan kumburin cikin jarirai a garin Nottingham. A 1894 gishirin Andrews ya fito daga Newcastle, a shekarun nan ne kuma Mentholatum ya ɓullo a Amurka, sannan kamfanin Bayer na Jamus ya fitar da asfirin a 1899. Amma wanda ya buɗe wa sauran ƙofar ƙasarmu shi ne kwinin, wanda masana biyu na Faransa suka tace daga ɓawon itacen sinkona a 1820. Kafin a fara shan sa kullum, zazzaɓi ne ke karkashe Turawan da suka yi ƙoƙarin hawo Kwara. A 1854 Dakta William Baikie ya shigo da jirgin ruwa har cikin Binuwai, yana ba mutanensa kwinin kullum, suka koma ba a rasa ko mutum guda ba. Ƙwayar nan mai ɗaci ta yi wa mulkin mallaka aikin da bindiga kaɗai ba za ta iya ba.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai hanya ta miƙe. Taragun da ke tafiya da gyaɗa da fatu suna dawowa da atamfa da kananzir da kwalaben magani. Kantunan John Holt da G.B. Ollivant da Paterson Zochonis, daga baya UAC, suka zama rumbu. 'Yan koli suka sara, suka baza a tabarma ranar kasuwa tsakanin madubi da allura da zare. Asibiti kuwa a lokacin sai babban birni, disfensaren En'e ma sai an yi tafiyar yini. Saboda haka maganin Bature ya riga likitan Bature isa ƙauye, kuma a hannun ɗan koli ya iso.

A nan ne abin sha'awar yake. Waɗannan magunguna ba su rushe tunaninmu game da ciwo ba, ƙofofin da suka tarar a buɗe suka bi. Mutanen da suka saba da maɗaci ba su yi wa kwinin gardama ba, domin a wurinsu ɗaci shaida ce ta ƙarfin magani. Masu wankin ciki da filasko sun karɓi gishirin Epsom hannu bibbiyu. Gishirin Andrews, mai tafasa cikin kofi yara su kewaye suna kallo, sinadarin da ke cikinsa ɗan'uwan wanda ke cikin kanwa ne, aikinsu a kan ƙwarnafi kusan ɗaya. Ruwan Woodward ya zauna a gurbin dauri. Man zafi kuwa, Mentholatum da Robb, ya gaji man kaɗanya da sirace a lokaci guda: a shafa a ƙirji, a lakata a hanci, a jefa kaɗan a ruwan zafi a shaƙa. In ya ƙare ma ba a yar da gwangwanin, kaka na zuba kwalli ko ta adana allurarta a ciki.

Musayar ba ta tsaya a ɓangare guda ba. Wani likitan gwamnatin mallaka, J. M. Dalziel, ya bi ƙasar Hausa yana tambayar sunayen itatuwa da amfaninsu, ya wallafa ƙamus na tsirran Hausa a 1916; har yau sunan da masana ke kiran itacen hano da shi yana ɗauke da sunansa. A 1928 kuma aka kawo darbejiya Borno, itacen da asalinsa Indiya ne, don inuwa da makamashi. Ba a yi wani dogon zamani ba ta shiga tukunyar zazzaɓi da ruwan wankan jego, har wasunmu ke ɗaukar ta tamkar tun fil'azal take tare da mu.

Babban juyi ya zo ne daf da Yaƙin Duniya na Biyu. A 1938 kamfanin May & Baker ya fitar da ƙwayar M&B 693, wadda ta warkar da Firaministan Birtaniya Churchill daga ciwon haƙarƙari a 1943; shekara guda bayan haka kamfanin ya buɗe reshe a Legas. Wannan ba irin man shafawa ba ne mai sauƙaƙa raɗaɗi, ƙwaya ce da ke kashe ciwon daga tushe. Sojojinmu da suka dawo daga yaƙin ƙasar Bama sun zo da labarinta da na allurar fenisilin. Mutanen da suka ga gyambo ya ƙi warkewa shekaru, sannan allura ta busar da shi cikin mako, ba a buƙatar yi musu wa'azi. Daga nan imani da allura ya kafu, har ta kai in malamin asibiti bai tsira wa mutum ita ba, sai ya fito yana ganin ba a duba shi ba.

Shekarun bayan samun 'yanci su ne zamanin kemis. Kowace unguwa ta sami ɗan shago mai kanta da labule, mai shi ya yi 'yan shekaru yana koyo a hannun ubangida, ya sami lasisin sayar da magungunan da ba su buƙatar takardar likita. Rediyon Kaduna da shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo suka cika da tallar ƙwayoyin APC da Phensic da Cafenol. Manomi ya dawo daga gona jiki ya yi tsami, ya aiki yaro da sisi. Kulorokwin ya maye gurbin kwinin, a Nijar ana ce masa nibakin, kuma wa zai manta ƙaiƙayin da yake sa mutum ya kwana yana susa? 'Yan makarantar kwana na shan Daraprim duk ranar Lahadi. Kafso ma launi muka sa musu a matsayin suna, ja da yalo, ja da baƙi. A wannan zamani ne kwallar kaka ta fi cika, domin tsoho da sabo suna zaune lafiya a cikinta. Amma a nan ne kuma wani abu ya fara zamewa: kaka ta san ganyen da ta tsinko da hannunta, ba ta san abin da ke cikin ƙwayar ba. Sanin ya bar ɗakinta ya koma bayan kanta, wani lokacin ma bayan kantar babu shi.

Ƙauna ba za ta hana mu faɗin gaskiya ba, kowane ɓangare yana da nasa tabon. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun gano cewa yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Cire beli da aska ɗaya ya jawo wa jarirai da yawa zubar jini da sandarewar wuya. A ɗaya ɓangaren, an gano ɗaya daga sinadaran APC yana lalata ƙoda, aka janye shi. Ruwan Woodward ma sai a 1992 aka cire masa barasar da ke ciki a Birtaniya. Abin da ya fi ceton rayuka kuwa daga madafi ya sake fitowa: ruwan gishiri da sukari, wanda aka yi ta yekuwarsa lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya daga 1985. Kwalba biyu ta lemo cike da ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali na gishiri, ƙwayar sukari biyar. Maganin gida ne, amma an haɗa shi da awo.

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, magani mai kyau ya yi tsada, jabu ya cika kasuwa, masu tire suka riƙa yawo da ƙwayoyi a tsakiyar rana suna haɗa wa mutum kala biyar a leda. A 1990 yara sama da ɗari suka rasu a yankunan Jos da Ibadan bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da sinadari mai guba. Wannan masifa na cikin abin da ya kai ga kafa NAFDAC a 1993, hukumar kula da abinci da magunguna, wadda ta yi ƙarfi a hannun Dora Akunyili daga 2001, har muka koyi juya kwali muna neman lamba da ranar lalacewa. A 2005 Najeriya ta sauke kulorokwin daga matsayin maganin zazzaɓi na farko domin cutar ta daina jin sa. Wanda ya gaje shi an samo shi ne daga wani ganye na ƙasar Sin, dangin tazargaden nan ta cikin kwallar kaka, kuma Tu Youyou, wadda ta tace shi bayan ta bi tsofaffin littattafan ƙasarsu, ta sami lambar Nobel a 2015. Maganin tari mai kodin kuwa, wanda dā ake ba mai mura cokali guda, ya zama annobar matasa har gwamnati ta hana shi a 2018.

Idan muka haɗa farko da ƙarshe, za mu ga ganyen bai ɓace ba. Sabara na nan a bayan gari, kanwa na nan a kasuwa, habbatus-sauda ma yanzu a kwalba take da tambari. Abin da ya yi ƙaranci shi ne irin mutumin da ke zaune a gefen kwallar: wanda ya san maganin, ya san mai shan sa, ya san awo, ya kuma san lokacin da zai ce wannan ya fi ƙarfin gida, a ɗauke shi a kai gaba. Tu Youyou ta koma ga tsofaffinsu da ma'auni a hannu. Namu tsofaffin da suka san bambancin sassaƙen marke da na maɗaci da ido kawai suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ba wanda ya zauna gabansu da alƙalami. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wanda tsohuwarsa ke raye, ya roƙe ta ta jawo kwallar nan tun da rana, ta kwance masa ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta sunan kowanne, da ciwon da yake yi wa, da yawan da ake ba babba, da wanda ake ba yaro.