Ayarin Attajirai da Asalin Yawon Gida Mai Taya a Amurka

A watan Agustan 1918, yaƙin duniya na farko bai ma ƙare ba, wani ayarin motoci ya tashi daga birnin Pittsburgh ya yi kudu, cikin duwatsun Appalachia. A motar gaba, kusa da direba, Thomas Edison mai ƙirƙire-ƙirƙire ne zaune da taswira a cinya, don shi ne madugu. Tare da shi akwai Henry Ford mai ƙera motoci, da Harvey Firestone mai kamfanin taya, da wani dattijo mai farin gemu, John Burroughs, marubucin da ya yi suna kan tsuntsaye da itatuwa, yana da shekara 81 a duniya. Sun raɗa wa kansu suna Vagabonds, wato 'yan gararamba. Sai dai gararambar tasu da kuku take tafe, da direbobi, da masu ɗaukar hoto.

Edison ba ya ƙaunar babbar hanya. In akwai wata 'yar burtali mai ramuka da za ta kauce wa gari, ita zai zaɓa, Burroughs kuwa ya yi ta ƙorafin jijjiga da ta addabi tsofaffin ƙasusuwansa. Da an yada zango kowa sai ya kama abin da ransa ke so. Ford ya ɗauki gatari ya shiga faskare, ko ya tsaya bakin rafi yana lissafin ƙarfin wutar da ruwan zai iya bayarwa. Edison ya bi duwatsu da guduma yana fasawa yana dubawa, in ya gaji ya miƙe a ƙasa da kayan jikinsa ya yi barci. Burroughs ya nuna musu sunayen furanni da kukan tsuntsaye. Firestone ne mai kula da cefane. Akwai ranar da fankar wata mota ta karye ta huda lagireto, Ford ya naɗe hannun riga ya gyara da kansa. Da dare kowa na da tantinsa, batiran Edison na ba su haske.

A tafiyar 1919 ayarin ya kai kusan mota 50. Cikinsu har da motar da aka ƙera musamman don girki, da murhun fetur da akwatin ƙanƙara a ciki, a tafiye-tafiyen da suka biyo baya kuma aka ƙaro wani teburi mai da'ira da ke ɗaukar mutum 20, tsakiyarsa na juyawa, kowa ya jawo kwanon da yake so gabansa.

Abotarsu ta gaskiya ce, amma ba wanda zai ce ciniki bai bi su daji ba. Mai sayar da mota da mai sayar da taya sun fita yawo, jaridu na buga labarin kullum, ana nuna hotunan a gidajen silima. Saƙon da talakan Amurka ya karɓa a fili yake: ka sayi mota, ka tara abokanka, ka je ka ga ƙasarka. A 1921 Shugaba Warren Harding ya zo zangonsu a jihar Maryland, bayan rasuwar Burroughs a watan Maris na shekarar. A 1924 suka kai wa Shugaba Calvin Coolidge ziyara a garinsu, a jihar Vermont. Daga nan tafiyar ta mutu. Sun fito kallon duwatsu da ƙoramu, sai ga shi duk inda suka tsaya jama'a ta cika maƙil tana kallonsu.

A lokacin talaka ya riga ya hau hanya. Motar Ford ƙirar Model T, wadda aka fara sayarwa dala 850 a 1908, ta sauko har dala 260 a 1925. Gandun dajin Yellowstone, da aka keɓe tun 1872, ya buɗe wa motoci ƙofa a 1915, shekara guda bayan haka aka kafa hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa. Mai kuɗi yana iya sayen Touring Landau ta kamfanin Pierce-Arrow, wadda ta fito a 1910 da kujerar baya mai zama gado da wurin wanke fuska. Wanda bai da hali kuwa sai ya ɗaura tanti a gefen motarsa, ko ya sa kafinta ya buga masa ɗan ɗakin katako a bayanta. Garuruwa irin su Denver suka ware filaye kyauta domin matafiya su kwana, da sa ran za su sayi fetur da burodi kafin su wuce.

A ƙarshen 1919, a wani fili da ke birnin Tampa na jihar Filorida, irin waɗannan matafiya suka kafa ƙungiya mai suna Tin Can Tourists. Abincin gwangwani suka fi ci a hanya, saboda haka alamarsu ita ce gwangwani a liƙe kan murfin lagireto. Suna da gaisuwar hannu ta sirri da dokokin tsabtace zango, domin mutanen gari na yi musu kallon 'yan cin arziki marasa kashe kuɗi, su kuma suna son wanke kansu.

Abin da mutum ba zai yi zato ba shi ne yawancin abubuwan kallon da ke bakin hanya saboda masu motar aka yi su. Dutsen Rushmore a jihar Dakota ta Kudu misali ne babba. Wani masanin tarihin jihar, Doane Robinson, shi ya kawo shawarar a sassaƙa manyan siffofi a duwatsun Black Hills domin baƙi su zo. Masassaƙi Gutzon Borglum ya fara aiki a 1927, aka tsaya a 1941, da fuskokin shugabanni huɗu, Washington da Jefferson da Theodore Roosevelt da Lincoln, kowace fuska tsayinta kusan mita 18. Duwatsun nan wuri ne mai tsarki ga ƙabilar Lakota, yarjejeniyar 1868 ta bar musu su, gwamnati ta ƙwace bayan an gano zinariya. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa a biya su diyya. Suka ƙi karɓar kuɗin, suka ce ƙasarsu suke so.

A hanyar zuwa dutsen akwai wani ɗan gari mai suna Wall. A 1931 Ted Hustead da matarsa Dorothy suka sayi kantin magani a can, suka yi shekara biyar ciniki na tafiyar hawainiya, motoci na wucewa ba mai tsayawa. A bazarar 1936 Dorothy ta ce a kafa alluna a bakin hanya, a rubuta cewa akwai ruwan ƙanƙara kyauta. Masu mota da ƙishi ya dama suka fara karkatowa, wanda ya sha ruwa kuma da wuya ya fita hannu rabbana. Yau kantin, Wall Drug, ya zama kasuwa guda, allunansa na tarbar matafiyi tun yana nesa da ɗaruruwan kilomita. Haka abin yake a hanya mai lamba 66, da aka buɗe a 1926 daga Shikago zuwa Kalifoniya, kusan kilomita 3,900: masu gidajen mai da na abinci suka yi ta gina manyan gumaka da ɗakunan kwana masu siffar tantin Indiyawan daji, duk don direba ya taka birki.

Ba kowane Ba'amurke hanyar ta yi wa maraba ba. Baƙar fata mai mota yana iya yin yini guda bai sami inda za a sayar masa da abinci ko a ba shi masauki ba, akwai ma garuruwan da ba a yarda rana ta faɗi yana cikinsu ba. Shi ya sa a 1936 wani ma'aikacin gidan waya mazaunin unguwar Harlem, Victor Hugo Green, ya fara buga littafin da aka sani da Green Book, mai jera masaukai da gidajen mai da baƙar fata zai shiga ba a wulaƙanta shi ba. An ci gaba da buga shi har bayan dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964.

Wanda ya mayar da tafiyar abokai cikin ayari ta zama tsari shi ne Wally Byam, mai kamfanin Airstream, wanda tun shekarun 1930 yake ƙera ɗakunan alminiyom masu ƙyalli da ake ja da mota. A 1951 ya ja ayarin masu sayen kayansa zuwa Meziko da Amurka ta Tsakiya. Kowane ɗaki da jar lamba a goshinsa, mutanen kuma da shuɗiyar hula, in an isa zango a jera ɗakunan a da'ira, a yi taro a tsakiya, a raba aiki: masu neman ruwa, masu gyaran mota, masu kula da wasiƙu. A 1959 ya tsallaka da su Afirka. Ɗakuna 41 suka tashi daga Cape Town, suka nufi Alƙahira. A Habasha Sarki Haile Selassie ya karɓe su, amma hanyoyin ƙasar sun gwada musu cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne, sai da suka yi ta tono da turi cikin laka. Ba duka suka kai ba, waɗanda suka kai kuwa suka kafa zango a gindin dalar Giza a farkon 1960. Byam ya rasu a 1962.

Sauran labarin na kwalta ne da masana'anta. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu kan dokar gina manyan tagwayen hanyoyi tsakanin jihohi. A 1962 wani ɗan kasuwa a garin Billings na jihar Montana, Dave Drum, ya buɗe zango mai banɗaki da wurin wanka don masu wucewa zuwa baje kolin duniya a Seattle, daga nan kamfanin zangon matafiya na KOA ya samo asali. A 1966 kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fito da mota mai ɗaki a jikinta, inji da gado da murhu duk a wuri ɗaya, a farashin da mai albashi zai iya. Ƙarancin mai na 1973 ya kusa durƙusar da sana'ar, ta farfaɗo daga baya. Yawancin waɗannan motoci, da Amurkawa ke kira RV, a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su.

Abokan da suka yi karo-karo suka ɗauki hayar irin wannan mota a yau suna da firij da na'urar sanyaya ɗaki da janareto, suna kuma da aikin da Ford bai taɓa yi ba: jona wuta da ruwa a zango, da zubar da tankin banɗaki kafin a tashi. Gurbin kwana a manyan gandayen daji sai an kama shi ta intanet tun da watanni. Motocin kuma sun yi wa tsofaffin hanyoyin kallo girma. A gandun Glacier da ke Montana, hanyar da ta ratsa ƙoƙuwar dutse ba ta karɓar abin hawan da ya wuce ƙafa 21 a tsawo, alhali babbar RV tana kai ƙafa 40. Shi ya sa ake ganin ƙatuwar mota a kan titi tana jan wata 'yar ƙarama a baya. In an isa, a ajiye gidan a zango, a kwance ƙaramar, a matsu a cikinta a hau dutsen.