Toka da Kushewa

A Indiya, mabiya addinin Hindu kan ƙone mamacinsu, iyalinsa su kai tokar kogin Ganga. Mu nan ƙasar Zamfara kuwa sai wanka da likkafani da kushewa, a bi da sadakar uku da bakwai da arba'in; ko suna ba kasafai ake rubutawa ba.

To, amma kushewar nan marar suna ta ba da shaida a 2010, sa'ad da gubar dalma daga dakan dutsen zinari cikin gidaje ta auka wa Dareta ta Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum. Baƙi sun tarar da sababbin ƙananan kaburbura a jere. Da aka bi gida-gida, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda.