Soket Ɗaya da Ya Tarwatsa Titan II

Wajen ƙarfe 6:30 na yammacin 18 ga Satumba, 1980, wasu matasan sojojin saman Amurka biyu suna duba makami mai linzami samfurin Titan II a ramin da aka gina masa ƙarƙashin ƙasa, kusa da ƙauyen Damascus a jihar Arkansas. Sai soket ɗin da ke bakin sifanar ɗayansu, ƙarfe mai nauyin kusan kilo 4, ya suɓuce. Ya yi ƙasa fiye da mita 20, ya daki wani ƙarfe, ya yi tsalle ya huda tankin mai.

A kan makamin akwai bam ɗin W53 mai ƙarfin megatan 9, wato kusan ninki 600 na wanda aka jefa wa Hiroshima. Man Titan II kuwa ba ya jiran ashana: sinadarai biyu ne a tankuna daban-daban, da zarar sun haɗu sai wuta. Tankin ƙasa na tsiyayewa, fargabar ita ce ya lanƙwashe, na sama ya rufto masa.

An kwashe ma'aikata, manya suka kwana suna ta shawara ta waya. Can wajen ƙarfe 3 na dare aka tura wasu sojoji biyu, David Livingston da Jeff Kennedy, su auno yawan tururin man. Sun fito ke nan ramin ya tashi. Murfinsa na ƙarfe da kankare mai nauyin tan 740 ya yi sama, bam ɗin kuma ya faɗo kusa da ƙofar harabar wurin, bai fashe ba. Livingston ya mutu, mutum 21 suka jikkata. Bill Clinton ne gwamnan jihar a lokacin, amma rundunar ta ƙi cewa uffan kan ko akwai nukiliya a wurin.

Binciken soja ya ɗora laifin a kan kuskuren ɗan Adam. Hakan gaskiya ne, sai dai makamin da soket ɗaya ke iya tarwatsawa shi ma yana da nasa kason. Tun 1963 aka girke waɗannan makamai guda 54, kuma a 1978 yoyon sinadari ya kashe sojoji biyu a Rock, jihar Kansas. Sai a 1987 aka cire na ƙarshe.

Matsalar tsufan makamai ba ta ƙare da Titan ba. Makamin Minuteman III, wanda ya fara aiki a 1970, har yanzu 400 na zaune a ramuka, kuma a 2024 an ƙiyasta magajinsa Sentinel zai lashe dala biliyan 141. Har zuwa 2019 da tsohon faifan kwamfuta mai faɗin inci 8 ake tafiyar da wani ɓangare na tsarin aika umarni ga masu riƙe da makaman nukiliya.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ilimin kansa yana tsufa. Rabon Amurka da gwajin fashewar nukiliya tun 1992. Da aka tashi sabunta bam ɗin W76 na jiragen ƙarƙashin teku, sai aka ga babu wanda ya iya haɗa wani sinadarin sirri mai suna Fogbank: masu yin sa sun yi ritaya ko sun bar aiki, rubuce-rubucen da suka bari ba su cika ba. An shafe shekaru ana lalube kafin a gano cewa wani ɗan gurɓi da sabuwar hanyar tacewa ke cirewa, ashe shi ke sa sinadarin ya fito daidai.